Darasin Kasuwanci: Dabarun Sasanta Rikicin Garkuwa Da Mutane Da Amfaninsu Wajen Ƙulla Ciniki

A cikin shekaru hamsin da suka wuce, wani fanni na ilimi ya tsiro a barikokin 'yan sanda na Amurka da Turai, daga bisani ya tsallaka zuwa makarantun koyon harkokin kasuwanci, wato fannin sasantawa da mutumin da ya tsare jama'a yana barazanar hallaka su. A halin yanzu manyan kamfanoni na biyan maƙudan kuɗi domin tsofaffin jami'an da suka yi wannan aiki su koya wa manajojinsu yadda ake ƙulla yarjejeniya. Dalili kuwa shi ne, jami'in da ya saba magana da mutumin da ke riƙe da bindiga ya koyi aikinsa a wurin da kuskure ɗaya ke jawo asarar rai, saboda haka dabarun da suka rage a hannunsa su ne waɗanda aka jarraba aka ga ingancinsu. Wannan darasi zai bi asalin fannin, da muhimman ƙa'idojinsa guda shida, da kuma wuraren da bai kamata ɗan kasuwa ya kwaikwaye shi ba.

Asalin Fannin

Kafin shekarar 1972, abin da hukumomin tsaro suka sani game da mai garkuwa da mutane shi ne a kewaye shi, a umarce shi ya fito, in ya ƙi a far masa. Abubuwa uku da suka auku kusa da juna suka nuna illar wannan hanya. A watan Satumba na 1971 fursunoni suka ƙwace gidan yarin Attica da ke jihar New York, kuma a ranar da jami'an tsaro suka kutsa ciki da bindigogi, fursunoni 29 da ma'aikata 10 daga cikin waɗanda aka tsare suka rasa rayukansu. A watan Oktoba na wannan shekara wani mutum ya sace ƙaramin jirgin sama, aka sauka a birnin Jacksonville domin shan mai. Matuƙin jirgin ya roƙi a ba su man, amma jami'an Hukumar Binciken Manyan Laifuka ta Amurka, wato FBI, suka ƙi, suka harbi tayoyin jirgin, nan take mutumin ya kashe matarsa da matuƙin, sa'an nan ya kashe kansa. A 1975 kotun ɗaukaka ƙara ta ɗora wa hukumar alhaki, bisa hujjar cewa jira ya fi zama hanyar kare rayuka.

Na ukun shi ne harin gasar wasannin Olamfik na birnin Munich a watan Satumba na 1972, inda 'yan bindiga takwas na ƙungiyar Black September suka kashe 'yan tawagar Isra'ila biyu, suka tsare tara, kuma duka taran suka mutu a lokacin da yunƙurin kuɓutar da su ya ci tura a wani filin jirgin sama na soja.

Bayan wannan ne rundunar 'yan sandan birnin New York ta ɗora wa jami'anta biyu, Harvey Schlossberg, wanda ke da digirin digirgir a ilimin halayyar ɗan Adam, da Frank Bolz, aikin tsara wata sabuwar hanya. An ga amfanin tunanin nasu a watan Janairu na 1973, sa'ad da wasu mutane huɗu suka tsare jama'a a wani kantin kayan wasanni a unguwar Brooklyn. Duk da cewa an kashe ɗan sanda guda tun da farko, rundunar ta daure ta yi ta magana har kimanin sa'o'i 47, waɗanda aka tsare suka tsira baki ɗaya, 'yan bindigar kuma suka miƙa wuya. A wannan shekarar aka kafa sashen sasantawa na rundunar, wanda ya zama abin koyi ga sauran ƙasashe.

Ƙa'ida Ta Farko: Lokaci

Abu na farko da ake koya wa jami'in sasantawa shi ne ya killace wurin, ya hana shiga da fita, sa'an nan ya ja lokaci. Mutumin da ya tsare jama'a yakan kasance cikin tsananin fushi da tsoro a sa'o'in farko, kuma a wannan hali ba ya iya auna riba da asara. Yayin da lokaci ke tafiya, gajiya da yunwa da barci kan kama shi, zuciyarsa ta fara sanyi, buƙatunsa su fara raguwa, su kuma hukumomi su sami damar tattara bayani a kansa. A titin Balcombe na birnin Landan, a watan Disamba na 1975, mayaƙan ƙungiyar IRA huɗu sun tsare wani magidanci da matarsa, suna neman a ba su jirgin sama zuwa Ireland. Ba a ba su jirgin ba, ba a kuma far musu ba, bayan kwana shida suka fito da kansu.

Akasin haka ya faru a Waco da ke jihar Texas a 1993, inda aka yi kwana 51 ana kewaye da mabiyan David Koresh. Masu sasantawa, waɗanda Gary Noesner ya jagoranta a makonnin farko, sun yi nasarar fitar da mutane 35, cikinsu har da yara 21. Amma a lokaci guda masu ɗauke da makamai suna yanke wutar lantarki, suna kunna ƙara mai tsanani da dare, suna murƙushe motocin mutanen da motocin yaƙi, abin da ya rushe amincin da ake ginawa. A ranar 19 ga Afrilu aka kutsa, gobara ta tashi, mutane fiye da 70 suka mutu. Shekaru uku bayan haka, a jihar Montana, hukumar ta FBI ta yi haƙurin kwana 81 da wata ƙungiya mai ɗauke da makamai, aka gama ba tare da an rasa rai ko ɗaya ba.

Darasin ga ɗan kasuwa a fili yake. Duk wanda ya shiga ciniki alhali abokin cinikinsa ya san cewa gobe ne wa'adin biyan bashinsa na banki, ko kuma kayansa na lalacewa a kan mota, to, ya riga ya rage wa kansa farashi. Haka nan yawancin wa'adin da ake gindaya wa mutum a teburin ciniki, irin su “in ba a sa hannu yau ba an fasa”, dabara ce ta hana shi tunani. Masu sasantawa sun saba barin wa'adin da ɗan bindiga ya ɗiba ya wuce suna cikin magana da shi a kan wani batu daban, ba tare da sun tuna masa ba. Abin da ya kamaci ɗan kasuwa shi ne ya binciki dalilin wa'adin, domin wani na gaskiya ne, kamar ranar rufe karɓar takardun neman kwangila, wani kuwa na baka ne kawai. Sannu ba ta hana zuwa.

Ƙa'ida Ta Biyu: Sauraro

Sashen sasantawa na FBI ya tsara aikinsa a kan matakai biyar da ake hawa ɗaya bayan ɗaya kamar tsani: sauraro na haƙiƙa, fahimtar halin da mutum ke ciki, samun jituwa da shi, samun damar yi masa tasiri, daga ƙarshe kuma sauya abin da yake aikatawa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tsallake matakai uku na farko a faɗa wa na huɗu, wato a fara ba mutum shawara tun bai amince da mai ba shi ba. Tushen wannan tsari na komawa ga aikin masanin halayyar ɗan Adam Carl Rogers, wanda ya nuna cewa mutum ba ya sauya ra'ayi sai ya ji an fahimce shi.

Chris Voss, wanda ya yi shekaru 24 a hukumar kuma ya zama babban mai sasanta batutuwan garkuwa na ƙasashen waje, ya bayyana dabarun wannan sauraro ga 'yan kasuwa a littafinsa Never Split the Difference na 2016. Ta farko ita ce maimaita kalmomi biyu ko uku na ƙarshen maganar mutum, sa'an nan a yi shiru. Idan mai sayarwa ya ce ba zai iya ragi ba saboda kuɗin dako ya tashi, mai saye ya ce, “Kuɗin dako ya tashi?” ya dakata, galibi mai sayarwar zai ci gaba da bayani, a ciki kuma zai fito da abin da bai yi niyyar faɗa ba. Ta biyu ita ce ambaton abin da ke damun mutum da sunansa, kamar a ce, “Da alama, Alhaji, ana fargabar kada a karɓi kaya a jinkirta biya.” Tsoron da aka ambata a fili yakan rage ƙarfi, kuma in an yi kuskure mutumin zai gyara, gyaran nan ma ƙarin bayani ne. Ta uku ita ce tambayar da ke farawa da “yaya” ko “me”, wadda ba a amsa ta da i ko a'a. Mai saye da ya ce, “To, yaya zan yi in biya wannan farashi alhali ni ma bashi nake bayarwa?” ya ƙi tayin ba tare da ya furta kalmar ƙi ba, ya kuma ɗora wa abokin cinikinsa nauyin nemo mafita.

Wannan salo ba baƙo ba ne a kasuwar Bahaushe. Mai kaya da aka taya masa ƙasa da abin da yake so ba ya cewa ya ƙi, sai ya ce “albarka”, kalmar da ke mayar da tayin amma ta bar ƙofa a buɗe, ta kuma tsare mutuncin mai tayawa.

Ƙa'ida Ta Uku: Bambanta Matsayi Da Buƙata

A 1981 Roger Fisher da William Ury na Jami'ar Harvard suka wallafa littafin Getting to Yes, wanda ya zama ginshiƙin koyar da sasantawa a makarantun kasuwanci. Babban abin da suka koyar shi ne, abin da mutum ya ce yana so, wato matsayinsa, ya sha bamban da dalilin da ya sa yake son sa, wato buƙatarsa. Matsayi biyu na iya cin karo, amma buƙatun da ke ƙarƙashinsu su dace da juna. A taron Camp David na Satumbar 1978, Masar ta tsaya a kan sai an mayar mata da yankin Sinai gaba ɗaya, Isra'ila kuma ta tsaya a kan riƙe wani sashe. Duk taswirar da aka zana ta raba yankin ba ta karɓu ba. Da aka duba buƙatu, sai aka ga damuwar Masar ita ce ikon mallakar ƙasarta, ta Isra'ila kuwa tsaro ce. Aka mayar wa Masar yankin, aka kuma taƙaita yawan sojojin da za a girke a cikinsa.

Haka abin yake a fagen garkuwa. Mutumin da ya nemi mota da kuɗi sau da yawa abin da yake nema a zahiri shi ne tabbacin cewa ba za a harbe shi ba in ya fito, ko kuma a ji kokensa.

Nijeriya ta yi amfani da wannan ƙa'ida wajen sasanta bashin da ƙasashen ƙungiyar Paris Club ke bin ta, wanda ya kai kimanin dala miliyan dubu 30. Shekara da shekaru matsayin masu bin bashin shi ne ƙasa mai arzikin man fetur ba ta cancanci yafiya ba, matsayin 'yan Nijeriya da dama kuma shi ne an riga an biya fiye da abin da aka ranto. Gwamnatin Shugaba Olusegun Obasanjo ta fara da kafa Ofishin Kula da Basussuka a 2000 domin tantance ainihin alƙaluman. Tawagar da Ministar Kuɗi Ngozi Okonjo-Iweala ta jagoranta ta gane cewa masu bin bashin na buƙatar abu biyu: tsabar kuɗi a hannu maimakon alkawarin da ba a cikawa, da kuma hujjar da za su nuna wa majalisunsu cewa kuɗin da aka yafe ba za su salwanta ba. Sai Nijeriya ta yi tayin biya daga rarar kuɗin mai da ta tara, ta amince Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya sa ido a kan shirinta na gyaran tattalin arziki, ta kuma yi alkawarin karkatar da abin da aka samu ga ayyukan rage talauci. A watan Oktoba na 2005 aka yafe dala miliyan dubu 18, Nijeriya ta biya miliyan dubu 12.4, ta kammala a watan Afrilu na 2006.

Ƙa'ida Ta Huɗu: Adadin Farko Turke Ne

A 1974 masana biyu, Amos Tversky da Daniel Kahneman, sun bayar da rahoton wani gwaji. Sun juya wa mutane wata ƙafar caca da aka shirya ta tsaya a kan lamba 10 ko 65, sa'an nan suka tambaye su kashi nawa cikin ɗari na ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya ne na Afirka. Waɗanda suka ga 10 sun kintaci kimanin kashi 25, waɗanda suka ga 65 kuwa kashi 45, alhali kowa ya san lambar ba ta da wata alaƙa da tambayar. Ma'ana, adadin da ya fara shiga kunnen mutum yakan zame masa turke, duk kai-kawon da zai yi a kusa da shi zai yi.

Masu garkuwa don neman fansa sun san wannan, shi ya sa suke farawa da adadin da ya wuce hankali. Ƙwararren mai sasantawa ba ya mayar da martani da wani adadi nan take, domin yin haka amincewa ne cewa za a hadu a tsakiya. Sai ya karkata maganar zuwa tambayoyi, ya nemi shaidar cewa wanda aka tsare yana raye, ya bar lokaci ya sassauta turken.

A watan Oktoba na 2015 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta ci kamfanin MTN tarar naira miliyan dubu 1,040, wato naira 200,000 a kan kowane layi daga cikin layuka sama da miliyan 5 da ba a yi wa rajista ba kuma ba a toshe su a kan lokaci ba. Ƙarfin wannan adadi shi ne yana da ma'auni a cikin doka, ba da ka aka faɗe shi ba. Kamfanin ya garzaya kotu, daga baya ya janye ƙarar, ya biya naira miliyan dubu 50 domin nuna kyakkyawar niyya. A watan Yuni na 2016 aka daidaita a kan naira miliyan dubu 330 da za a biya cikin shekaru uku, tare da sharaɗin kamfanin zai sa hannayen jarinsa a kasuwar hannun jari ta Nijeriya, abin da ya cika a watan Mayu na 2019. Abin lura a nan shi ne, da aka tsaya a kan adadi kaɗai da cinikin ya cije. Ƙarin sharuɗɗan da ba na kuɗi ba, wato tsawon lokacin biya da sayar da hannun jari ga 'yan ƙasa, su suka ba kowane ɓangare abin da zai nuna.

Ƙa'ida Ta Biyar: Sanin Mafita

Fisher da Ury sun koyar cewa ƙarfin mutum a teburin sasantawa ba ya danganta da girman jarinsa, yana danganta ne da ingancin abin da zai koma gare shi in cinikin ya watse. Manomin da ke da rumbu mai kyau da mai saye na biyu yana iya cewa albarka, wanda tumatirinsa ke kwando a rana kuwa ba shi da wannan dama. Don haka aikin farko kafin zama shi ne mutum ya auna mafitarsa da gaskiya, ya ƙarfafa ta, ya kuma kintaci ta abokin cinikinsa. Duk tayin da bai kai mafitar ba a bar shi, domin da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Haɗarin yana wajen zuzuta mafita. A watan Fabrairu na 2008 kamfanin Microsoft ya taya kamfanin Yahoo a kan dala miliyan dubu 44.6, wato dala 31 kowane hannun jari, daga baya ya ƙara zuwa 33. Shugabannin Yahoo suka tsaya a kan 37, Microsoft ya janye a watan Mayu. Kafin ƙarshen shekarar, wadda ta zo da durƙushewar kasuwannin duniya, farashin hannun jarin Yahoo ya faɗi ƙasa da rabin abin da aka taya, shugaban kamfanin Jerry Yang kuma ya sanar da sauka daga muƙaminsa.

Ƙa'ida Ta Shida: Mai Shiga Tsakani Da Asusun Amana

Babu misalin da ya haɗa garkuwa da kasuwanci wuri ɗaya kamar rikicin ofishin jakadancin Amurka a Tehran, inda aka tsare Amurkawa 52 har kwana 444, daga 4 ga Nuwamba 1979 zuwa 20 ga Janairu 1981. Shugaba Jimmy Carter ya riƙe dukiyar Iran da ke bankunan Amurka, yunƙurin soja na watan Afrilu 1980 kuma ya ƙare da mutuwar sojojin Amurka takwas a hamada. Da aka zo sasantawa, matsalar ita ce babu mai yarda ya fara sakin abin da ke hannunsa, Iran ma ba ta yarda ta sa hannu a takarda ɗaya da Amurka ba.

Ƙasar Aljeriya ce ta warware ƙullin. An rubuta yarjejeniyar a matsayin sanarwar gwamnatin Aljeriya, wadda kowane ɓangare ya amince da ita daban. An zuba kimanin dala miliyan dubu 8 a wani asusun amana a Bankin Ingila da sunan Babban Bankin Aljeriya, ba za a saki kuɗin ba sai Aljeriya ta shaida cewa mutanen sun bar Iran. An ware wani kaso mai yawa domin biyan basussukan da bankuna ke bin Iran, sauran ƙorafe-ƙorafen kamfanoni kuma aka miƙa su ga wata kotun sulhu mai alƙalai tara a birnin Hague. Wannan tsari shi ne dai na takardar lamunin banki da masu shigo da kaya ke amfani da ita, inda banki ke riƙe kuɗin mai saye har sai an gabatar da takardun da ke nuna an ɗora kaya a jirgi. Ba a cinikin biri a sama.

A cikin gida, sakin 'yan matan Chibok 21 a watan Oktoba na 2016 da wasu 82 a watan Mayu na 2017 ya samu ne da shiga tsakanin gwamnatin Suwizalan da Ƙungiyar Agaji ta Red Cross ta Duniya, tare da lauya Zannah Mustapha na Maiduguri, wanda makarantarsa ta karɓi marayu daga kowane ɓangare na rikicin, abin da ya sa maganarsa ta sami shiga. A fagen fatauci kuwa, masani Abner Cohen ya nuna a littafinsa na 1969 yadda masu masaukin fatake a unguwar Sabo ta Badun ke tsaya wa mahauta su karɓi shanu bashi daga dillalan Arewa, ba takarda ba hatimi, sai sunan maigida da sanin da ya yi wa kowa. Jarin mai shiga tsakani shi ne amana, ran da ya karkata ga ɓangare ɗaya amfaninsa ya ƙare.

Akwai wata ƙa'idar aiki da ke tafiya da wannan. A wurin garkuwa, mai magana daban, mai yanke hukunci daban. Kwamanda ba ya ɗaukar waya da kansa, domin in ya ɗauka ba shi da wanda zai ce sai ya tuntuɓa. Rabuwar na kuma kare mai magana daga shaƙuwa da wanda ya daɗe yana hira da shi. An ga irin wannan shaƙuwa a wani banki na birnin Stockholm a watan Agusta na 1973, inda ma'aikata huɗu da aka tsare kwana shida suka nuna sun fi tsoron farmakin 'yan sanda a kan waɗanda suka tsare su. Kamfanin da ya tura mai shi da kansa zaman farko ya rasa wannan kariya.

Inda Hanyoyin Suka Rabu

Duk da wannan kamanni, akwai bambance-bambancen da ya wajaba mai karatu ya kiyaye. Ɗan kasuwa na iya tashi ya bar ciniki, jami'in sasantawa kuwa ba shi da wannan zaɓi, kuma ba zai iya raba bambanci ya karɓi rabin waɗanda aka tsare ya bar rabi ba. Bugu da ƙari, a bayansa akwai masu makamai, kuma ba kowace sasantawa ce ke ƙarewa da magana ba. A ofishin jakadancin Iran da ke Landan a 1980, an yi kwana shida ana tattaunawa, amma da aka kashe mutum guda daga cikin waɗanda aka tsare sai sojoji suka kutsa. A watan Oktoba na 1993, bayan soke zaɓen 12 ga Yuni, wasu samari huɗu sun karkatar da jirgin kamfanin Nigeria Airways da ya taso daga Legas zuwa Abuja, suka sauka a Yamai. Tattaunawa ta sa an saki mafi yawan fasinjoji, amma buƙatarsu ta siyasa ba abin da hukumomin Nijar za su iya biya ba ce, bayan kwana uku jami'an tsaro suka kutsa, mutum guda daga ma'aikatan jirgin ya rasu.

Haka kuma, garkuwa don neman kuɗin fansa laifi ne, ba ciniki ba, domin ciniki sai da yardar ɓangarori biyu. Kowane kuɗin da aka biya na iya ceton rai a yau, ya kuma zama jarin sace wani gobe, dalilin da ya sa Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 2133 a 2014 yana kira ga ƙasashe su hana 'yan ta'adda cin moriyar kuɗin fansa. Wannan darasi bai zama jagora ga iyalin da irin wannan masifa ta auka wa ba, aikin na hukumomin tsaro ne da ƙwararru.

Bambanci na ƙarshe shi ne, jami'in sasantawa ba ya sa ran sake zama da ɗan bindigar da ya miƙa wuya, ɗan kasuwa kuwa da abokin cinikinsa gobe ma za su haɗu. Duk da haka masu sasantawa na guje wa yin ƙarya da alkawarin da ba za su cika ba, saboda labari na yaɗuwa, kuma mai garkuwa na gaba zai ji. In har wanda ke magana da mai laifi yana tsare gaskiyarsa saboda gobe, to, mai neman abokin hulɗa na shekaru ya fi cancantar yin haka. Shari'ar Musulunci ta hana ƙara farashi da nufin yaudarar mai saye da ɓoye aibin kaya, ta kuma yi umarni da rubuta bashi, dokar kwangila ta ƙasa ma ba ta tilasta yarjejeniyar da aka ƙulla bisa tursasawa ko zamba.

Abubuwan Kiyayewa Kafin Zama

Manajan da zai shiga muhimmin ciniki ya kamata ya rubuta wa kansa amsar waɗannan tambayoyi tun kafin ranar. Mene ne ainihin buƙatar kamfaninsa, ban da adadin da zai ambata? Me zai yi in aka tashi ba a daidaita ba, kuma nawa ne darajar wannan mafita? Wane ne ke da ikon sa hannu a ɗaya ɓangaren, kuma wa zai yi wa bayani in ya koma? Wane ma'auni ne na waje, kamar farashin kasuwa ko kuɗin ruwan banki, za a dogara da shi in an yi saɓani? Waɗanne abubuwa ne masu sauƙi a gare shi amma masu daraja ga abokin cinikinsa, kamar lokacin biya, ko dako, ko yawan kayan da za a riƙa ɗauka? Wa zai riƙe kuɗi ko kaya har kowa ya cika alkawari?

A lokacin zaman kuma, ya bar ɗaya ɓangaren ya fi shi yawan magana, kada ya yi rangwame sai ya karɓi wani abu a madadinsa, kuma ya tanadar wa abokin cinikinsa hanyar sauka daga matsayinsa ba tare da jin kunya ba. 'Yan sanda kan tsara wa mai miƙa wuya yadda zai fito dalla-dalla, ta wace ƙofa, da wanda zai tarbe shi, domin sun lura cewa mutane da yawa kan ƙi fitowa saboda tsoron wulaƙanci ko da sun riga sun yanke shawarar sallamawa. Bayan an daidaita, a karanta sharuɗɗan a gaban kowa, a rubuta su da ranakun cikawa da abin da zai biyo baya in an saɓa, sa'an nan a sa hannu a gaban shaidu.